Magungunan Asibiti ga Yara da Matasa Masu Larurar Kangara: Tambayoyi da Amsoshi

Iyayen da suka kawo kangararren yaro asibiti yawanci sun riga sun gaji. An yi faɗa, an yi duka, an sauya makaranta, an kai shi wurin kawu a wani gari, abin bai canza ba. Saboda haka tambayar farko kusan kullum ɗaya ce: wace ƙwaya za a ba shi? Ga amsoshin da muke bayarwa, tare da adadi da awon da ya kamata ku sani kafin ku karɓi takardar magani. Adadin da muka kawo don ku gane abin da likita ya rubuta ne, ba don ku je kemis ku saya da kanku ba.

Wane yaro ne ake cewa yana da wannan larura? Ai kowane yaro yana rashin ji.

Ƙiriniya da taurin kai na ƙuruciya daban, larurar kangara daban. Likitoci suna rubuta ta a kati da sunan conduct disorder, kuma suna da ma'auni. Kundin DSM-5 na likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, wanda ya fito a 2013, ya jera halaye 15 a rukuni huɗu: cutar da mutane ko dabbobi, lalata dukiya da gangan har da cinna wuta, ƙarya da sata, da kuma keta manyan dokoki irin su kwana a waje, gudu daga gida da ƙin zuwa makaranta. Sai yaro ya nuna aƙalla uku cikin watanni 12 da suka wuce, ɗaya daga ciki a watanni 6 na ƙarshe, kuma abin ya ɓata masa karatu ko zama da mutane. Ana samun ta a kimanin yara 2 zuwa 3 cikin 100, maza sun fi yawa. Wanda ta fara masa kafin shekara 10 ya fi wanda ta fara masa bayan balaga haɗarin ɗorewa da ita.

Akwai maganin da yake warkar da ita?

Babu. Hukumar FDA mai kula da magunguna a Amurka ba ta amince da ko magani ɗaya ba a matsayin maganin larurar kangara kanta. Hukumar NICE mai tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin aiki, a waɗanda ta fitar a 2013, ta ce kada a riƙa ba da magani a matsayin hanyar yau da kullum ta gyaran halin yara. Babu ƙwayar da take hana ƙarya, ko sata, ko bin miyagun abokai.

Magani yana da wuri a abu biyu kawai. Na farko, a magance wata larurar da ke tafe tare da kangarar tana hura mata wuta. Na biyu, a rage fushi mai fashewa wanda ya kai ga jin rauni, na ɗan lokaci, har a samu damar yin aikin gyara na gaskiya. Duk wanda ya yi muku alkawarin fiye da haka, ku yi hattara da shi.

To mene ne aikin gyaran na gaskiya?

Ga yara 'yan shekara 3 zuwa 11, abin da bincike ya fi tabbatarwa shi ne horar da iyaye. Akan haɗa iyaye 10 zuwa 12 a zama 10 zuwa 16, kowane zama awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Ana koyon ba da umarni ɗaya a fili maimakon biyar a cikin tsawa, yabon yaro nan take idan ya yi daidai, da hukunci ƙarami wanda ba ya canzawa daga yau zuwa gobe. 'Yan shekara 9 zuwa 14 ana koya musu yadda za su tsaya su yi tunani kafin su kai hannu. Manyan matasa kuwa sai an haɗa gida, makaranta da abokai a aiki ɗaya, ana ganawa sau 3 zuwa 4 a mako har wata 3 zuwa 5.

A gidajenmu yaro ba na mutum biyu ba ne kawai. Idan uwa ta hana, kaka ta bayar, kishiyar uwa ta yi shiru, baba kuma sai dare yake dawowa da bulala, babu tsarin da zai kama. Duk babban da ke da hannu a tarbiyyar yaron ya kamata ya ji bayanin likita da kunnensa.

Me likita zai bincika kafin ya ɗauki biro?

Wannan ita ce gaɓar da aka fi tsallakewa, kuma a nan ake yawan kuskure. Abubuwa da dama suna kama da kangara ko suna ƙara ta.

Larurar rashin natsuwa da rawar kai, wadda ake taƙaita sunanta ADHD, ita ce ta fi yawan tafiya tare da kangara. Sai ciwon damuwa, wanda a matasa yakan fito da siffar saurin fushi maimakon kuka. Sai firgicin da ke biyo bayan ganin tashin hankali, kuma yaran da suka tsere wa harin 'yan bindiga ko aka yi musu fyaɗe suna cikin wannan. Sai ƙarancin fahimta da matsalar koyon karatu, domin yaron da ba ya iya karanta allo yakan gwammace a ce masa mugu da a ce masa daƙiƙi. Sai raunin ji, farfaɗiya, da raunin ƙwaƙwalwa bayan sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro mai taɓa kai.

Dole a yi tambaya a kan shaye-shaye ba tare da kunya ba: tramadol, kodin, wiwi, sholisho, Exol da diazepam. A wuraren da ake niƙa dutsen zinare a cikin gida a auna dalma a jini, domin gubar da ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010 tana barin waɗanda suka rayu da matsalar hali da karatu. A kuma duba magungunan da yaro yake sha tun da. Phenobarbitone, wanda ake yawan bai wa masu farfaɗiya saboda arharsa, yana sa wasu yara rawar kai da faɗa. Levetiracetam ma yana sa saurin fushi. Wani lokaci iyakar gyaran shi ne likitan farfaɗiya ya sauya magani.

Idan an gano yana da ADHD, me za a ba shi?

Methylphenidate ne na farko, kuma a duk magungunan da muke magana a kansu shi ne ya fi ƙarfin hujja wajen rage faɗa. Mai gajeren aiki ana fara shi da miligiram 5 sau ɗaya ko biyu a rana, ana ƙara kaɗan-kaɗan duk mako, ba a wuce miligiram 60 a rana. Yana fara aiki cikin ƙasa da awa ɗaya, ya ɗauki awa 3 zuwa 4. Akwai mai dogon aiki da ake sha sau ɗaya da safe, shi kuma ba a taunawa ko daka shi, domin yin haka yana sakin maganin yini guda a lokaci ɗaya.

Abin da yakan faru: yaro ya daina jin yunwa da rana, barci ya ƙi zuwa idan an ba da shi da yamma, bugun zuciya da jini su ɗan hau. Saboda haka a ba shi bayan ya karya da abinci mai nauyi, a tanadi abincin dare mai kyau, kada a ba da ƙwayar ƙarshe bayan la'asar. Ana auna tsawo duk wata 6, nauyi duk wata 3 ga 'yan shekara 10 zuwa ƙasa, jini da bugun zuciya duk lokacin da aka sauya adadi. Idan a dangi akwai wanda ya faɗi ya mutu farat ɗaya yana matashi, ko yaron ya taɓa suma a guje, a faɗa wa likita kafin a fara.

Magani ne da doka ta tsaurara, kuma ana iya sayar da shi ko a sha don maye. Babba ne zai riƙe shi a kulle, ya ba da da hannunsa, ya ga an haɗiye.

Idan bai karɓi yaron ba, ko akwai mai shaye-shaye a gidan, ana komawa atomoxetine. Ga wanda bai kai kilo 70 ba, ana farawa da miligiram 0.5 a kowane kilo na nauyinsa a rana, bayan mako ɗaya a hau zuwa wajen 1.2. Ba ya nuna aikinsa da wuri, sai an yi makonni 4 zuwa 6 ko fiye, kuma iyaye da yawa suna yar da shi a mako na biyu suna cewa ba ya yi. A lura da yaro a makonnin farko: maganar kashe kai, ko ido ya yi rawaya da fitsari mai duhu, dalili ne na komawa asibiti a ranar. Clonidine da guanfacine ma ana amfani da su. Suna sa barci da saukar jini, kuma tsayar da su farat ɗaya yana sa jini ya yi tashin gwauron zabo.

Mun ji ana ba da risperidone. Yaushe ya dace?

Idan faɗan ya yi tsanani, irin wanda yaro yake fashewa da fushi ya ji wa kansa ko wani rauni, kuma an gwada hanyoyin da muka ambata ba su isa ba. A Turai lasisinsa ya taƙaita ga makonni 6, ga 'yan shekara 5 zuwa sama masu ƙarancin fahimta da faɗa mai ɗorewa. Yana cikin magungunan taɓin hankali, don haka ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa ne ya kamata ya fara shi.

Adadin kaɗan ne ƙwarai. Yaron da bai kai kilo 50 ba ana fara masa da miligiram 0.25 sau ɗaya a rana, yawanci ya tsaya a 0.5, iyaka 0.75. Mai kilo 50 zuwa sama ana fara masa da 0.5, yawanci ya tsaya a 1, iyaka 1.5. Ba a ƙara adadi kullum, sai an tsallake aƙalla kwana guda. Ku kwatanta wannan da ƙwayar miligiram 2 da ake bai wa manya masu taɓin hankali. Raba irin wannan ƙwaya gida takwas da reza ba ya ba da adadi daidai, yau yaro ya sha kaɗan gobe ya sha ninki. In ana samun na ruwa, mai miligiram 1 a kowane mililita, shi ya fi, a auna da sirinjin da ke cikin kwalin. Ana iya zuba shi a ruwa ko madara, ban da shayi.

Ya fi aiki a kan faɗan zafin zuciya. Yaron da yake shirya mugunta cikin sanyin jiki, ya tsare ƙanana ya ƙwace musu kuɗi, ba risperidone ne zai gyara shi ba. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2014, mai suna TOSCA, ya bi yara 168 'yan shekara 6 zuwa 12 masu ADHD da faɗa mai tsanani. An fara musu da horar da iyaye da maganin ADHD, sannan aka ƙara risperidone ga waɗanda ba su samu sauƙi sosai ba. Ƙarin ya taimaka, amma matsakaici, kuma ya zo da ƙiba da hawan prolactin, sinadarin jiki mai sa nono ya kawo ruwa. Wannan jerin, wato ADHD tukuna sannan risperidone in ya zama dole, shi muke bi.

Waɗanne awo za a yi masa?

Kafin ƙwayar farko: nauyi, tsawo, faɗin ƙugu, jini da bugun zuciya, sukarin jini ba a ci komai ba, kitsen jini, da prolactin, tare da duba ko akwai wani motsin jiki da ba a saba ba. Bayan an fara, nauyi duk mako har makonni 6, sannan a mako na 12 a sake yawancin awon. A duba amfaninsa a mako na 3 zuwa 4. In an kai mako na 6 babu canjin a zo a gani, a daina.

Don a san ko yana aiki, ku zaɓi hali ɗaya ko biyu da za a iya ƙirgawa, misali sau nawa ya kai duka a mako, ku riƙa rubutawa a littafi tun mako biyu kafin a fara. Malamin aji ma ya rubuta nasa. In babu wannan, yaro mai barci sai a ɗauka yaro ne da ya shiryu.

Mene ne illolinsa?

Ƙiba ce ta fi yawa, kuma tana zuwa da sauri. Wani bincike na 2009 a kan yaran da suka fara shan irin waɗannan magunguna karon farko ya samu masu risperidone sun ƙara kimanin kilo 5 cikin makonni 11, masu olanzapine kuwa fiye da kilo 8. Iyaye sukan yi murna cewa yaro ya yi kumari, alhali hanyar ciwon suga ce. A rage lemon kwalba, alawa da soye-soye tun ranar farko.

Hawan prolactin yana sa nonon namiji ya kumbura, wani lokaci har ya yi ruwa, mace kuma al'adarta ta ɗauke. Matashi ba zai faɗa da kansa ba saboda kunya, sai an tambaye shi a keɓe. Akwai kuma yawan barci, jiri idan an miƙe, dalalar miyau, fitsarin kwance, rawar hannu, da wani rashin iya zama wuri ɗaya wanda ake kuskuren ɗauka ciwon ne ya ƙaru har a ƙara magani. In an daɗe ana sha, baki da harshe suna iya fara motsi da kansu, kuma wannan ba kullum yake warkewa ba.

Abu biyu na gaggawa ne. Wuya ya murɗe, ido ya kafe sama, harshe ya fito: wannan ɗaurewar tsoka ce daga magani, ba aljanu ba, kuma allura ɗaya a asibiti tana sake ta. Zazzaɓi mai zafi da sandarewar jiki, gumi da ruɗewa: a tsayar da maganin a garzaya asibiti, a faɗa musu abin da yake sha, domin ana iya ɗauka sanƙarau ne ko maleriya a ɓata lokaci.

Lithium, valproate da carbamazepine fa?

Lithium, maganin daidaita yanayin zuciya, ya rage faɗa a wasu bincike da aka yi kan yaran da ke kwance a asibiti, amma tsakanin adadin da ke aiki da wanda ke zama guba tazara kaɗan ce. Sai ana auna shi a jini a kai a kai, tare da aikin ƙoda da na thyroid da ke maƙoshi. Zafin bazara, gudawa, amai, azumi, ko shan ibuprofen da diclofenac duk suna iya tara shi a jiki. Inda babu ɗakin awon da ke auna shi, ba ma ganin dalilin fara shi.

Valproate, maganin farfaɗiya, yana da 'yar hujja, amma ga 'ya mace da ta balaga haɗarinsa babba ne. Kimanin jariri 1 cikin 10 da aka yi cikinsa ana shan sa yana zuwa da nakasa, 3 zuwa 4 cikin 10 kuma suna samun matsalar ci gaban ƙwaƙwalwa. A inda ake aurar da yarinya da wuri, wannan ba magana ce ta nesa ba. Yana kuma taɓa hanta da sa ƙiba.

Carbamazepine, shi ma na farfaɗiya, bai nuna amfani a kan faɗa ba, ga shi yana iya jawo ƙurajen da ke saɓule fata da baki.

Mai kemis ya ba mu wanda yake sa shi barci, kuma gida ya yi shiru. Laifi ne?

Laifi ne, kuma a daina. Diazepam da danginsa suna kama jiki, wasu yaran ma suna ƙara musu rashin kunya da faɗa. Promethazine da Piriton barci kawai suke sawa. Largactil da haloperidol, magungunan taɓin hankali, suna ɗaure tsoka, haloperidol ma ya fi risperidone yin haka nesa ba kusa ba, sai a haɗa da Artane don a sake ta, shi kuma Artane ɗin shi ne Exol da matasa ke sha don maye. Yaron da ya yini yana gyangyaɗi bai koyi komai ba, kuma ranar da ƙwayar ta ƙare halin yana nan inda aka bar shi. In ya riga ya daɗe yana shan diazepam kullum, kada a yanke farat ɗaya, domin yana iya jijjiga. Likita ne zai rage a hankali.

Za a iya haɗawa da addu'a da maganin gargajiya?

Addu'a da ruƙiyya ba su hana shan magani. Jiƙe-jiƙe da garin da ba a san abin da ke ciki ba kuwa a nuna wa likita, domin hanta ɗaya ce take tace su duka. Abin da ba mu yarda da shi ba ko kaɗan shi ne mari, ɗauri da horon yunwa. Abin da aka gani a gidan marin da 'yan sanda suka buɗe a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019, inda aka fito da mutum fiye da 300 har da yara, ya isa shaida. Duka da wulaƙanci suna cikin abubuwan da ke haifar da wannan larura tun farko.

Idan ya kamu da wani ciwo yana kan magani?

Ku je da kwalin maganin duk asibitin da za ku. Wasu magungunan maleriya, irin su kwinin da artemether-lumefantrine, suna taɓa tsarin bugun zuciya kamar yadda risperidone yake yi, don haka likita ya sani kafin ya rubuta. Rifampicin na tarin fuka da carbamazepine suna rage ƙarfin risperidone, fluoxetine na ciwon damuwa kuma yana ƙara shi. Metoclopramide na amai yana ƙara haɗarin ɗaurewar tsoka.

Ina za mu je?

Sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Maiduguri. A Nijar akwai sashen a babban asibitin ƙasa na Yamai. Ku nemi wanda yake ganin yara da matasa. Ku tafi da sakamakon makaranta, takarda daga malamin aji, da duk maganin da yaron ya taɓa sha. A Najeriya ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwali.

In an manta ba a ba shi ba, ko lokacin dainawa ya yi?

In an tuna da wuri a ba shi. In lokacin na gaba ya kusa, a bar wanda ya wuce, kada a ninka. Methylphenidate da aka manta da safe ba a rama shi da dare.

Ranar da aka fara risperidone ya kamata a sa ranar da za a zauna a duba batun dainawa, a rubuta ta a kati. In ya ɗauki watanni yana sha, ana ragewa ne mataki-mataki cikin makonni, kuma a zaɓi lokacin da gida yake kwance, ba makon jarrabawa ko na tashi zuwa sabon gari ba. Rashin barci da ɗan ƙunci na kwanaki kaɗan bayan ragewa abu ne da aka saba gani, ba lalle ciwon ne ya dawo ba. A ci gaba da ƙirga a littafin nan, in faɗan ya koma yadda yake a da har mako biyu a jere, a koma wurin likita da littafin a hannu. Maganin ADHD shi yakan ɗauki shekaru, amma shi ma ana zama aƙalla sau ɗaya a shekara a duba ko har yanzu ana bukatarsa, kuma ko adadin ya dace da nauyin yaron na yanzu.